Daga Giza zuwa Riruwai: Jerin Duwatsun Aman Wuta da Iyakar Misalin Hawai

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda jerin tsibiran aman wuta ke samuwa, ko dai ta nutsewar wani farantin ƙasa a ƙarƙashin wani, ko ta tsagewar faranti, ko ta wucewarsa a kan cibiyar zafi. An ɗauko misalai daga kewayen Masar, wato tsibiran Girka da na Bahar Maliya, sannan aka gangara zuwa layin Kamaru da zobban duwatsun da suka taso daga Azbin har zuwa jihar Nasarawa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, jeruwar tsibirai a kan taswira ba ta isa shaida a kan abin da ya haife su ba. Misalin Hawai, wanda littattafan makaranta suka mai da shi ma'auni, ya ginu ne a kan faranti mai sauri, alhali farantin Afirka mai nawa ne, ga shi kuma cike da tsofaffin tsagogi. Saboda haka shekarun duwatsu ake fara tambaya kafin a ambaci wata cibiyar zafi.

Gabatarwa

Tudun da dalolin Giza ke tsaye a kansa ruwa ne ya haife shi, ba wuta ba. Farar ƙasa ce da ta kwanta a gindin wani tsohon teku fiye da shekara miliyan 40 da suka wuce, har gobe ana ganin ƙwansunan ƙananan halittun ruwa a jikin tubalan. Amma a gabashin dalar Khufu akwai wani daɓe na baƙin dutse, ragowar ɗakin bautar da aka gina wa sarkin wajen shekara 4,500 da suka shige. Wannan basalti ne, narkakken dutsen da ya ɓullo daga cikin ƙasa ya daskare. A Widan al-Faras, arewacin Fayyum, magina suka fasa shi, suka jawo shi a kan wata hanya mai shimfiɗar dutse ta kusan kilomita 11 zuwa bakin tafki, daga nan jiragen ruwa suka ɗauka.

Basaltin ya kai kimanin shekara miliyan 23, kuma danginsa ne ake fasawa a Abu Za'abal, arewa maso gabas da Alƙahira. Lokacin ɓullowarsa ya zo daidai da lokacin da tsagar Bahar Maliya ta tsawaita zuwa arewa. A shekarar 2015 William Bosworth da abokan aikinsa suka danganta shi da wani ƙaramin ginshiƙin zafi da suka laƙaba wa sunan Alƙahira. To, in ginshiƙin zafi ne, ina jerin duwatsun da ya bari a baya, kamar yadda ɗalibi ya karanta a darasin Hawai? Babu. Ya yi amansa cikin ɗan lokaci ya mutu. Wannan saɓani tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu shi ne maƙasudin wannan takarda.

Yadda dutse ke narkewa

Akwai wani kuskure da ya kamata a kawar tun farko. Mutane da yawa, har da wasu masu koyarwa, suna ɗauka cewa a ƙarƙashin ɓawon duniya akwai tekun wuta, duk inda ya sami ƙofa sai ya fito. Ba haka ba ne. Mantil, wato ɓangaren da ya faro daga ƙasan ɓawo ya nutsa har zurfin kilomita 2,900, dutse ne daskararre. Yana motsi, amma 'yan santimitoci a shekara. Ɓawon da saman mantil ɗin su ne suka haɗu suka zama farantai masu kaurin kimanin kilomita 100, waɗanda ke tafiya a kan ɓangaren da ya fi laushi.

Kafin wannan dutse ya narke sai ɗayan abubuwa uku ya faru. Ko dai nauyin da ke danne shi ya ragu saboda ya taso sama, ko ruwa ya shige shi ya rage zafin da yake bukata kafin ya narke, ko kuma ya zo da zafin da ya fi na kewayensa. Kowanne daga cikinsu yana iya haifar da tsibirai a jere, kuma daga sama duk kamarsu ɗaya. Bambancin yana cikin shekarunsu da sinadaransu da abin da igiyoyin girgizar ƙasa ke nunawa a ƙarƙashinsu.

Hawai: misalin da ya zama ma'auni

Tun a shekarun 1840 James Dwight Dana ya lura cewa tsibiran Hawai suna ƙara zaizayewa in aka nufi arewa maso yamma, alamar sun fi tsufa ke nan. Dalilin ne ba a gano ba sai a 1963, lokacin da J. Tuzo Wilson, ɗan Kanada, ya ce tushen narkakken dutsen yana nan wuri guda, ƙasan teku ne ke wucewa a kansa. A ɗauka an ja tabarma a hankali a kan kaskon garwashi: za ta fita da ƙuna a jere, wadda ta fi nisa da kaskon ita ce ta fari. Shekara guda bayan haka Ian McDougall ya fitar da shekarun duwatsun tsibiran ta hanyar auna fotasiyam da argon, suka kuwa bi tsarin. A 1971 W. Jason Morgan ya ƙara da cewa tushen wani ginshiƙi ne na dutse mai zafi da ke tasowa daga can gindin mantil.

Lissafin ba shi da wuya. Tsibirin Kauai yana da nisan kimanin kilomita 500 daga dutsen Kilauea da ke aman wuta a yau, shekarunsa kuma kimanin miliyan 5. In aka raba, za a sami wajen santimita 10 a shekara, wanda ya yi kusa da saurin farantin Fasifik. Midway ya kai miliyan 28. Jerin ya ci gaba a ƙarƙashin ruwa har tsawon kusan kilomita 6,000, inda duwatsun ƙarshe, kusa da Kamchatka, suka kai wajen shekara miliyan 80. A ɗaya ƙarshen kuwa, kudu maso gabas da babban tsibirin, wani sabon dutse mai suna Kama'ehuakanaloa yana tasowa, saura kusan mita 1,000 ya leƙo saman ruwa. Tsibiran da suka bar kan cibiyar suna nutsewa ne domin farantin yana hucewa, yana ƙara nauyi. Murjani ya yi ta girma a gefensu har ya rage zobe kawai, kamar yadda Darwin ya bayyana a 1842, daga baya shi ma ya nutse.

Labari ne mai kyau, shi ya sa ya shiga kowane littafi. Sai dai ko a gidansa bai tsira daga gyara ba. Akwai wata kwana a tsakiyar jerin, mai kimanin shekara miliyan 47, wadda aka daɗe ana koyar da cewa nan ne farantin Fasifik ya sauya alƙibla. A 2001 jirgin haƙar ƙasan teku ya ɗebo duwatsu daga tsofaffin tsaunukan arewacin jerin, John Tarduno da abokansa suka auna maganaɗisun da ya daskare a cikinsu, suka wallafa a 2003. Ɗaya daga cikinsu, tsaunin Detroit, ya samu ne a wajen digiri 33 arewa da ikwaita, alhali Hawai tana digiri 19. Ma'ana, cibiyar da kanta ta yi tafiya zuwa kudu. Abin da aka ɗauka kafaffe ashe shi ma matafiyi ne.

A wannan shekara ta 2003 Vincent Courtillot da abokansa suka tace cibiyoyin zafi 49 da ake ambata, suka ga bakwai kacal ne suka cika sharuɗɗan tasowa daga zurfin mantil, ciki har da Hawai, Iceland, Reunion, Tristan da Afar. Wasu masana, irin su Don Anderson da Gillian Foulger, sun tafi fiye da haka, suna ganin tsagewar farantai ta isa ta bayyana yawancin abin. Ban bi su har can ba, domin hotunan cikin ƙasa da Scott French da Barbara Romanowicz suka fitar a 2015 sun nuna faffaɗan ginshiƙai a ƙarƙashin Hawai da wasu wurare. Amma tambayar da suka tayar halattacciya ce, kuma mu a Afirka ta fi shafa.

Arewa da Masar: inda faranti ke nutsewa

Wanda ya tashi daga Iskandariyya ya nufi arewa maso yamma zai tarar da tsibirin Kirit, bayansa kuma akwai wani jeri mai lanƙwasa kamar baka: Methana, Milos, Santorini, Nisyros. A nan gaban farantin Afirka ne ke nutsewa a ƙarƙashin yankin tekun Aijiyan. Yana sauka da ruwan da ya shige cikin ma'adinansa, in ya wuce zurfin kilomita 100 ruwan ya fita ya shiga mantil ɗin da ke samansa, shi kuma ya narke. Tun da zurfin nan yana bin layi guda a tsawon iyakar, duwatsun ma sai su jeru.

Abin lura shi ne, a irin wannan jeri babu babba babu ƙarami ta fuskar tsari. Duk tsararrakin juna ne, kowanne na iya tashi. Narkakken dutsensu kuma mai kauri ne, mai yawan tururi, shi ya sa yake fashewa maimakon ya malala irin na Hawai. Fashewar Santorini, wajen ƙarni na 17 zuwa na 16 kafin haihuwar Annabi Isa, ta bar shaida har cikin Masar, domin masu tonon tarihi sun sami dutsenta mai kumfa a Tell el-Dab'a da ke bakin kogin Nilu. Wannan iyaka ce kuma ta haifar da girgizar ƙasar ranar 21 ga Yuli, shekara ta 365, wadda igiyar ruwanta ta afka wa Iskandariyya. Japan, Indonesiya da tsibiran Aleut duk 'yan wannan gida ne, ba sai an tsaya a kansu ba.

Bahar Maliya: inda faranti ke tsagewa

Gabas da Masar labarin ya juya. Yankin Larabawa yana rabuwa da Afirka, kimanin santimita ɗaya a shekara a arewa, ɗaya da rabi a kudu. Yayin da ɓawon ke sirancewa, mantil na tasowa ya cike gurbin, nauyin da ke kansa ya ragu, sai ya narke. A kudancin tekun, kusa da gaɓar Yaman, wannan narkakken dutse ya taru har ya fito saman ruwa: Jabal al-Tair, tsibiran Zubair, sannan Zuƙar da Hanish.

Nan ne ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutanen zamaninmu suka ga an haifi tsibiri. Jabal al-Tair ya fashe ranar 30 ga Satumba, 2007, bayan shiru na fiye da ƙarni guda, ya hallaka wasu sojojin Yaman da ke zaune a kansa. A Disamba 2011 masunta suka ga wuta na tashi daga ruwa a cikin tsibiran Zubair, kafin tsakiyar Janairu sabon tsibiri ya tsaya, aka sa masa suna Sholan. A ƙarshen Satumba 2013 wani ya sake fitowa, aka kira shi Jadid. Wenbin Xu, Joël Ruch da Sigurjón Jónsson na jami'ar KAUST a Saudiyya sun bi diddigin abin da hotunan tauraron ɗan'adam, suka nuna a 2015 cewa narkakken dutsen ya biyo ta dogayen tsagogi ne a tsaye, masu bin tsawon tsibiran. Wato jerin Zubair hoton tsagar da ke ƙarƙashinsa ne. Sababbin tsibiran biyu ma ba a ƙarshen layi suka fito ba, a tsakanin tsofaffin suka kutso, abin da ba ya faruwa a tsarin Hawai.

Duk da haka ba za a ce babu hannun cibiyar zafi a nan ba. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, basalti mai ɗimbin yawa ya malale Habasha da Yaman cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, tun kafin tekun ya buɗe, kuma wannan aikin ginshiƙin Afar ne. Shi ya sa kudancin Bahar Maliya ya fi arewacinta wadatar narkakken dutse, ya sa tsibiran wuta suka taru a kudu. Ginshiƙin ne ya kawo kayan, tsaga ce ta zaɓi inda za a sauke su. Alhazanmu da ke bin hanyar Makka zuwa Madina suna ganin wani reshe na wannan al'amari ba tare da sun sani ba: baƙaƙen filayen dutsen nan da Larabawa ke kira harra. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, Harrat Rahat ta yi aman wuta kusa da Madina har kusan wata biyu, malaman tarihi irin su Abu Shama da Samhudi suka rubuta labarin.

Masar ma tana da nata tsibirin da ke rikita mai duban taswira. Zabargad, kudu maso gabas da Ras Banas, yana cikin Bahar Maliya, amma bai taɓa yin aman wuta ba. Wani yanki ne na mantil kansa da motsin tsagar ya cillo sama ba tare da ya narke ba, kuma daga cikinsa ne aka riƙa haƙar koren dutsen ado na zabarjad tun zamanin sarakunan Batlamiyus. Wanda ya lissafa shi cikin jerin tsibiran wuta don yana kan layi ya yi kuskure. Kama da wane ba ta wane.

Layin Kamaru

Yanzu mu matso gida. A mashigin tekun Gini akwai tsibirai huɗu a kan layi miƙaƙƙe: Annobon, Sao Tome, Principe da Bioko. Layin ya hau tudu a Dutsen Kamaru, mai tsayin fiye da mita 4,000, ya bi ta Manenguba, Bambuto da Oku, sannan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Ngaundere, ɗayan ya nufi duwatsun Mandara da tudun Biu a jihar Borno. Tsawonsa kimanin kilomita 1,600. In akwai wurin da ido zai ce ga Hawai ta Afirka, to nan ne.

Shekarun ne suka ƙi ba da haɗin kai. Binciken Der-Chuen Lee da abokansa na 1994 ya ba da tsofaffin duwatsun Principe kimanin shekara miliyan 31, na Sao Tome miliyan 13, na Annobon kusan miliyan 5. Da a nan aka tsaya, sai a ce cibiyar tana can cikin teku bayan Annobon, kuma duk abin da ke kusa da gaɓa ya fi tsufa ya mutu. Amma Bioko, wanda ya kamata ya girmi Principe, shi ne ƙaraminsu. Dutsen Kamaru, wanda ya kamata ya zama gawa, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Can cikin tudu, tafkin Nyos ya saki iskar da ta kashe fiye da mutum 1,700 a daren 21 ga Agusta, 1986, iskar kuwa daga narkakken dutsen da ke ƙarƙashi take taruwa. A Biu ma basaltin bai wuce 'yan miliyoyin shekaru ba, wasu tsaunukan ko zaizaya ba su fara ba, tafkin Tila kuma a cikin ramin aman wuta yake zaune. Haka abin yake a Panyam da Kerang a kan tudun Jos. Layin duka a raye yake lokaci guda.

Godfrey Fitton da H. M. Dunlop sun nuna a 1985 cewa basaltin tsibiran da na kan tudu sinadarinsu kusan ɗaya ne, wanda ke nufin tushensu yana ƙasa da farantin, ba a cikinsa ba. Fitton ya kuma lura tun 1980 cewa siffar layin, mai kai biyu, ta yi daidai da siffar kwarin Binuwai da ke gefensa, kamar an ɗaga an ajiye a gaba. Na'urorin auna girgizar ƙasa da aka girka a Kamaru daga 2005 zuwa 2007 sun ƙara haske. Angela Reusch da abokanta sun ga wani ɗumi mai siffar bango a ƙarƙashin layin, a saman mantil, jingine da gefen tsohon ɓawon Kongo mai kauri, ba su ga alamar ginshiƙi mai tasowa daga gindi ba. Fassarar da ta fi gamsar da ni ita ce, bambancin kauri tsakanin ɓawon Kongo da na Binuwai ne ke sa mantil yin juyi a gefen, yana taso da dutse mai ɗumi a tsawon iyakar.

Akwai kuma batun nawar farantin Afirka. Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, shi da Wilson sun yi tambaya a mujallar Nature a 1972 ko farantin Afirka a tsaye yake. Burke ya ci gaba da kare ra'ayin cewa tun kimanin shekara miliyan 30 farantin bai yi wata tafiyar kirki a kan mantil ba. Ko ba a yarda da shi baki ɗaya ba, tafiyar ba ta kai rubu'in ta Fasifik ba. In faranti bai gusa ba, cibiyar zafi ba za ta yi jeri ba, sai dai ta kumbura wuri guda ta tara duwatsu a kan juna, irin abin da ake gani a Tibesti, Hoggar da Jabal Marra. Tsibiran Kanariya ma suna da tsari daga gabas zuwa yamma, Fuerteventura ya haura miliyan 20, El Hierro bai fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba, amma Lanzarote da ke tsohon ƙarshen ta yi shekara shida tana aman wuta daga 1730. Jerin da suka bi ƙa'ida a kewayen Afirka su ne waɗanda suka samu lokacin da farantai ke gudu: na Tristan da ya bar tudun Walvis a ƙasan Atalantika, da na Reunion da ya bar sawunsa daga Deccan ta Indiya zuwa Maldib da Moris.

Daga Azbin zuwa Afu

Misali na ƙarshe ba tsibirai ba ne, amma ya fi kowanne kusa da ƙasar Hausa, kuma shi ne ya fi kama da sawun cibiyar zafi. A 1911 J. D. Falconer ya bambance giranit iri biyu a Arewacin Nijeriya. Akwai tsofaffi, irin dutsen Kufena na Zariya, masu kimanin shekara miliyan 600. Akwai kuma waɗanda ya kira ƙananan giranit, masu ɗauke da kuza, waɗanda suka kafa garuruwan Jos da Bukuru a idon duniya. Waɗannan ƙananan gindin tsofaffin duwatsun aman wuta ne. Saman ya zaizaye, abin da ya rage shi ne zobban da narkakken dutse ya cike lokacin da rufin ya rufta. A Nijeriya kaɗai sun haura 50. Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano ɗaya ne daga cikin mafi kyawunsu, domin har yanzu akwai tokar aman wutan da ta daskare a cikin zoben, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin ke narka kuza suna sayarwa.

Da aka auna shekarunsu sai wani tsari ya bayyana. Zobban Azbin, ciki har da Meugueur-Meugueur mai faɗin kilomita 65, sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram da Muniyo, wajen Zinder da Gure, suna kewayen miliyan 300. Na Dutse a jihar Jigawa ya ba da miliyan 213, Riruwai kimanin miliyan 170, sai Afu, kusa da kogin Binuwai, miliyan 141. Ana yin kudu ana samun ƙanana, a tsawon fiye da kilomita 1,300. R. C. Rhodes ya ba da shawara a 1971, shekarar da Morgan ya fito da nasa, cewa wannan sawun wucewar Afirka ne a kan cibiyar zafi. Peter Bowden da abokansa suka wallafa jerin shekarun a 1976.

Shin Hawai ce a kan tudu? Ina ganin a'a, kuma dalilaina daga cikin alƙaluman nan suka fito. In aka raba nisan da shekarun, tafiyar ba ta wuce rabin santimita a shekara ba, alhali a wannan dogon zamani nahiyar Gondwana ta yi yawo mai nisa a kan doron duniya, ta ratsa ta kan ƙuryar kudu, kuma ba a kan miƙaƙƙen layi ba. Ta yaya cibiya guda za ta biyo ta shekara miliyan 270 tana huda ta kusan wuri ɗaya? Na biyu, shekarun ba su gangaro a jere ba, sun zo ne rukuni uku, da dogon shiru a tsakaninsu. Na uku shi ne aikin M. A. Rahaman da abokansa na 1984, wanda ya nuna cewa a cikin Nijeriya zobban sun riƙa gusawa ne a kan gajerun layuka masu ratsawa gabas da yamma, in layi ya ƙare sai aikin ya tsallaka zuwa wani a kudu. A haɗaɗɗun zobban Ningi da Burra a jihar Bauchi, cibiyoyin sun bi juna daga gabas zuwa yamma. Wannan ɗabi'ar tsofaffin tsagogi ce da ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya yayin da matsin da ke kan nahiyar ke sauyawa.

Akwai hanyar gwada wannan ra'ayi, kuma ba ta fi ƙarfin jami'o'inmu ba in suka haɗa kai da takwarorinsu na Masar. Yawancin shekarun zobban da na ambata an same su ne a shekarun 1970 da 1980 ta hanyar rubidiyam da istirontiyam, wadda zafi da ruwan ma'adini ke iya gurɓatawa, musamman a dutse mai kuza irin na Riruwai. Auna yuraniyam da dalma a cikin ƙwayoyin zarkon ya fi daidai, don haka a bi zobban daga Azbin zuwa Afu da hanya guda. Sannan akwai giɓin da ke tsakanin Azbin da Damagaram, inda duwatsun yashi na Tagama da Damargu suka rufe tsohon ɓawon. In cibiya guda ce ta yi aikin, dole a sami zobba binne a wurin, masu shekaru tsakanin miliyan 400 da 300, kuma awon maganaɗisu daga jirgin sama yana iya nuna su, tun da zobe ba ya ɓuya ga wannan na'ura ko da yashi ya rufe shi.